Fankishan ɗina yana aiki a kwamfutata amma ya ƙi a ta abokin aikina: amsa kan kurakuran namespace a R

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta ƙaramin fakiti a R don taƙaita bayanan binciken gidaje da muke tattarawa. A cikinsa akwai fankishan guda mai amfani da `group_by()` da `summarise()` na dplyr. A kwamfutata lafiya lau yake aiki. Da na tura wa abokin aikina ya girka, sai ya fito masa da `could not find function "group_by"`. Na gyara na rubuta `tidyverse::group_by()`, sai aka ce `'group_by' is not an exported object from 'namespace:tidyverse'`. Na sabunta fakitocina ko za a dace, yanzu ni ma dplyr ya ƙi buɗuwa, yana cewa `namespace 'rlang' 1.0.6 is already loaded, but >= 1.1.0 is required`. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin kyauta da kika kawo saƙonnin kamar yadda suka fito, domin kowanne cuta daban yake nunawa, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Na farkon shi ne babba, a kansa zan fi tsayawa, domin in kin gane shi sauran biyun ba za su wahalar da ke ba.

Ki ɗauki kowane fakiti a matsayin gida. Mai gidan ya fito da wasu kaya zaure, duk wanda ya yi sallama zai iya ɗauka. Sauran suna cikin gida, na mutanen gidan ne kawai. Wannan gidan sunayen shi ne abin da saƙonnin suke kira namespace, kuma fayil ɗin NAMESPACE da ke cikin fakitinki shi ne yake faɗin abin da aka fitar zaure da abin da aka aro daga maƙwabta. Luke Tierney ne ya shigo da tsarin cikin R a siga ta 1.7.0 a shekarar 2003, daga siga ta 2.14.0 a 2011 kuma ya zama kowane fakiti yana da nasa. Kafin nan, idan mutum ya raɗa wa wani abu nasa suna irin na wani fankishan, sai ya iya rikita fakitin da bai ma taɓa buɗe cikinsa ba.

Abu biyu `library(dplyr)` yake yi, mutane da yawa kuma suna ɗaukarsu abu guda. Na farko ya loda gidan a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na biyu ya jera kayan zauren a kan layin nema, wato jerin wuraren da R yake bi ɗaya bayan ɗaya idan kin rubuta suna a konsol. Shi kuwa `dplyr::group_by()` na farkon kawai yake yi, ya loda, ya ɗauko abin da kika nema, bai jera komai a layi ba. Ki buga `search()` ki ga abin da ke kan layi, sannan ki buga `loadedNamespaces()` ki ga abin da aka loda. Na biyun zai fi tsawo nesa ba kusa ba.

To, idan fankishan ɗin da ke cikin fakitinki ya ci karo da sunan `group_by`, ina yake nemansa? Ba daga inda aka kira shi yake farawa ba, daga gidansu yake farawa. Zai duba cikin jikinsa, sannan gidan sunayen fakitinki, sannan abin da fakitinki ya aro ta fayil ɗin NAMESPACE, sannan fakitin base. Idan duk bai samu ba, sai ya fita waje: ya duba mahallin aikin mai amfani, daga nan ya bi layin nema har ƙarshe. Wannan fita wajen ita ce ta rufa miki asiri. Ke kullum kina fara aiki da `library(tidyverse)`, don haka dplyr yana kan layinki, fankishan ɗin ya fita ya tsince shi a can. Abokin aikinki bai jera dplyr ba, fankishan ya fita bai samu kowa ba. Ashe tun farko fakitin bai san dplyr ba, sa'a ce kawai yake ci a kwamfutarki.

Kuma gara ma da kuskuren ya fito fili. Da `filter()` ne kika yi amfani da shi, R ba zai ce bai samu ba, domin akwai wani `filter()` a fakitin stats, na jerin bayanan lokaci, wanda kullum yake kan layi. Shi zai ɗauka, sai ki ga saƙo irin `object 'shekaru' not found`, ki yi ta neman ginshiƙin da yake nan zaune lafiya. Idan `select()` ne, kuma mutum ya buɗe MASS bayan dplyr, na MASS zai ɗauka ya ce `unused argument`. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne `lag()`. Na taɓa duba wa wani ɗalibi lissafin sauyin farashin masara daga wata zuwa wata, duk ginshiƙin bambancin ya fito sifili, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Dalili kuwa `lag()` na stats aka ɗauka, shi kuma ba ya matsar da lambobin, alamar lokacin da ke jikinsu kawai yake sauyawa. Aka cire lamba daga kanta, aka samu sifili. Saura kaɗan teburin ya shiga rahoto a haka.

Gyaran yana da ƙafa biyu, kuma dole a taka duka. Ƙafar farko fayil ɗin DESCRIPTION ce: ki sa dplyr ƙarƙashin `Imports`, ko da hannu ko da `usethis::use_package("dplyr")`. Sunan wannan filin yana yaudara ƙwarai. Duk da an kira shi `Imports`, ba ya shigo da ko suna ɗaya cikin gidanki. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa duk wanda ya girka fakitinki an girka masa dplyr tare. Ƙafa ta biyu ita ce ki gaya wa lambar taki inda za ta samo kowane suna. Hanya mafi sauƙi ita ce ki rubuta sunan gidan a gaban kowane fankishan:

```r
#' @importFrom rlang .data
#' @export
takaita_gida <- function(bayanai) {
  rukuni <- dplyr::group_by(bayanai, .data$jiha)
  dplyr::summarise(
    rukuni,
    tsakiya = stats::median(.data$mutanen_gida, na.rm = TRUE)
  )
}
```

Ko kuma ki rubuta `#' @importFrom dplyr group_by summarise` a saman fankishan ɗin, ki buga `devtools::document()`, fakitin roxygen2, mai karanta layukan `#'` ɗin nan, ya rubuta miki layin `importFrom()` a NAMESPACE, daga nan ki kira su da sunansu kai tsaye. Idan kin manta da `document()` ɗin nan, kamar ba ki yi komai ba ne. Kada kuma ki gyara NAMESPACE da hannu matuƙar layinsa na farko ya ce roxygen2 ne ya rubuta shi, domin zai goge abin da kika sa a karo na gaba. Tunda misalin nan ya aro `.data` daga rlang, shi ma rlang sai ya shiga `Imports`. Amfanin `.data` shi ne R ya san `jiha` ginshiƙi ne a cikin teburi, kada bincikensa ya yi ta ƙorafin `no visible binding for global variable`.

Ni na fi son hanyar `::`. Tana tsawaita rubutu, gaskiya ne, amma bayan wata shida in kin dawo kan lambar, ba sai kin yi tunanin `select()` na wane gida ba ne. `importFrom` na bar shi ga abin da ba ya karɓar `::` cikin sauƙi, irin su `%>%` da `.data`, ko fankishan da nake kira sau hamsin. Shi `%>%` asalinsa na magrittr ne, `usethis::use_pipe()` zai shirya miki aronsa. Idan kuma kowa a wurin aikinku yana da R 4.1.0 na 2021 ko sama, ki yi amfani da `|>`, wanda yake cikin harshen kansa, ba ya buƙatar aro. Abin da ba na so shi ne a kwaso fakiti gaba ɗaya da `import(dplyr)`. Ranar da kika ƙara `import(MASS)`, za ki fara ganin gargaɗin `replacing previous import`, wato suna ɗaya ya danne wani, kin dawo inda kika baro.

Ki lura da `stats::median` a misalin can. Mutane suna zaton duk abin da ya zo tare da R base ne, amma `median`, `sd`, `lm` da `predict` na stats ne, `head` da `read.csv` na utils. Su ma ta layin nema ake samunsu in ba ki aro su ba, don haka idan mai amfani ya raɗa wa wani abu nasa suna `median`, nasa fankishan ɗinki zai ɗauka. Shi ya sa `R CMD check` yake cewa `no visible global function definition for 'median'`, har ya ba ki layin `importFrom("stats", "median")` da za ki ƙara.

Za ki ga wasu suna sa `library(dplyr)` a cikin fankishan ɗin fakitinsu. Yana kashe saƙon kuskuren, amma kada ki yi. Kin sauya wa mai amfani layin nemansa ba da saninsa ba, gobe `filter()` ɗinsa ya koma wani abu daban. Sa dplyr ƙarƙashin `Depends` ma haka yake yi, ga shi kuma bai hana wani fakiti ya zo daga baya ya danne sunan ba.

Saƙo na biyu, `is not an exported object`, yana nufin kin je gidan, an buɗe miki, amma abin da kike nema ba ya zaure. A naki sha'anin dalilin mai sauƙi ne. Shi tidyverse ba gidan `group_by` ba ne, ɗan aike ne da yake tattaro miki dplyr, tidyr, ggplot2, readr da sauransu ya jera su a layi. Abin da shi kansa ya fitar 'yan kaɗan ne, irin `tidyverse_conflicts()` da `tidyverse_update()`. Saboda haka ma `usethis::use_package("tidyverse")` yake ƙin amsawa, ya ce ki zaɓi ainihin fakitin da kike buƙata. In ba ki san gidan wani fankishan ba, ki buga `environment(group_by)` a zaman da yake aiki, zai nuna miki `namespace:dplyr`; `find("group_by")` ma zai faɗa miki.

Amma za ki sake haɗuwa da wannan saƙon ko da sunan gidan daidai ne, don haka ga yadda nake binsa. Na fara da `packageVersion("dplyr")`. `across()` sai a dplyr 1.0.0 na 2020 ya zo, `reframe()` a 1.1.0 na 2023, `pivot_longer()` kuma na tidyr ne tun 1.0.0 a 2019. Wanda sigarsa ta girmi waɗannan zai ga saƙon ko da ya rubuta komai daidai. Idan fakitinki yana dogara da `across()`, ki rubuta `dplyr (>= 1.0.0)` a DESCRIPTION, R ya tsayar da mutum tun a wajen girkawa. Akasin haka ma yana faruwa, a cire fankishan a sabuwar siga, ko fakitin duka ya bar CRAN, babbar ma'ajiyar fakitocin R a intanet, kamar yadda rgdal, rgeos da maptools suka yi a Oktoban 2023, masu aikin taswira suka koma sf da terra. Bayan siga, sai in buga `"across" %in% getNamespaceExports("dplyr")` in ga ko yana zaure. In ba ya nan, `getAnywhere("sunan")` zai gaya mini ko yana cikin gida.

Idan yana cikin gida, digo uku, `:::`, za su ɗauko miki shi. Don karanta lambar wani ki ga yadda ya yi lissafinsa, babu laifi, ni ma kullum ina yi. Amma gina fakiti a kansa tamkar shiga gidan mutum ne ta katanga. Mai shi bai yi wa kowa alkawarin abin zai zauna yadda yake ba, yana iya sauya shi ko ya goge shi a siga mai zuwa ba sanarwa, kuma binciken CRAN yana nuna wa masu kiran fakitin wani da `:::` yatsa.

Akwai nau'i guda da yake rikita masu ƙididdiga musamman. Mutum ya rubuta `randomForest::predict.randomForest()`, a ce masa ba a fitar da shi ba. Daidai ne, ba a so ki kira shi da wannan sunan. Ki kira `predict()` na gama-gari, R ya duba ajin model ɗin ya miƙa wa wanda ya dace. Ki buga `methods("t.test")`, za ki ga tauraro a jikin `t.test.default`, alamar an yi masa rajista amma ba ya zaure. Rajistar nan kuwa sai an loda fakitin take aiki. Shi ya sa wanda ya ajiye model da `saveRDS()`, ya buɗe shi washegari a sabon zama ya kira `predict()`, yake ganin `no applicable method for 'predict'`. Model ɗin lafiyarsa ƙalau, randomForest ne ba a loda ba. Buga `loadNamespace("randomForest")` ya wadatar.

Tunda na yabi `::`, wajibi ne in gaya miki inda yake cutarwa, wato cikin fomula. Wasu sunaye a fomula R da rubutunsu yake gane su, ba da gidansu ba. Idan kin rubuta `offset(log(yawan_jamaa))` a cikin `glm()`, ya san wannan ba abin da za a ƙiyasta wa ma'auni ba ne. Idan kin rubuta `stats::offset(log(yawan_jamaa))`, ba zai gane shi ba, zai ɗauke shi kamar kowane mai hasashe ya ba shi nasa ma'aunin, ba gargaɗi ba komai. Model ɗin yawan masu cuta a kowace ƙaramar hukuma ya zama wani model daban ke nan. Tsofaffin sigogin survival haka suke yi wa `survival::strata()` a cikin `coxph()`. A irin wannan wuri `importFrom` ne daidai: ki aro `offset` ta NAMESPACE, ki rubuta shi tsirara a fomula. data.table ma yana da nasa sharaɗin. Yana duba ko fakitin da ya kira shi ya ambace shi cikin abin da yake dogara da su, in bai gani ba sai ya yi kamar teburi na gargajiya, `:=` ya ƙi aiki.

Saƙo na uku ba laifin lambarki ba ne ko kaɗan. Kin sabunta fakitoci alhali zaman R ɗinki yana riƙe da tsohon rlang a ƙwaƙwalwa. R ba ya loda siga biyu ta fakiti ɗaya a zama guda, sabon dplyr yana neman 1.1.0, wanda ke zaune kuma 1.0.6 ne. Ki kula da kalmomin: `is already loaded` yana nufin tsohon yana ƙwaƙwalwa, `is being loaded` kuma yana nufin wanda ke kan faifan ne ya tsufa. Ki sake kunna R, a RStudio Ctrl+Shift+F10 ne. Kafin ki buɗe komai ki buga `packageVersion("rlang")`. In ya nuna sabo, magana ta ƙare. In tsoho ne, `install.packages("rlang")` a wannan tsaftataccen zaman. Ki kuma je saitin RStudio ki kashe maido da `.RData` a farkon zama, domin abubuwan da aka ajiye a cikinsa suna iya jawo lodin fakitoci tun kafin ki taɓa madannai.

Idan ya ƙi sabuntuwa, abu biyu nake zargi. A Windows ba a iya maye gurbin fayil ɗin DLL da wani zama yake riƙe da shi, sai ki ga `cannot remove prior installation of package`. Ki rufe duk tagogin R da RStudio, ki buɗe guda. Na biyu kuma mu nan mun san shi sosai: wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar girkawa, a bar folda mai suna `00LOCK` a ma'ajiyar fakitoci, wani lokaci har da fakiti rabi da rabi. `.libPaths()` zai nuna miki inda ma'ajiyar take, ki goge foldar kullen da ta fakitin da ya lalace, ki sake girkawa. In `.libPaths()` ya nuna wuri fiye da ɗaya, ki duba ko rlang yana duka biyun, domin na farko a jerin shi R yake ɗauka ko da shi ne tsohon.

Shawarata ita ce ki daina sabunta komai da komai don neman sa'a. Yana cin data, kuma yana iya karya abin da yake lafiya. A ƙarshen 2023, da Matrix 1.6-2 ya fito, masu lme4 da aka harhaɗa da tsohon Matrix sun wayi gari da `function 'cholmod_factor_ldetA' not provided by package 'Matrix'`, sai da suka sake girka lme4 daga tushensa da `type = "source"`. Ki sabunta wanda saƙon ya ambata kawai. Idan aikin na ƙungiya ne, fakitin renv zai rubuta sigar kowane fakiti a fayil guda, ke da abokin aikinki ku zauna a kan abu ɗaya.

Kafin ki sake tura masa, ki gwada fakitin a yanayi irin nasa. `devtools::load_all()` bai isa shaida ba, domin yana fito da komai na fakitinki zaure, har abin da kika manta ba ki sa wa `@export` ba, kuma yana aiki ne a zamanki mai cike da tidyverse. Ki buga `devtools::check()`, ki karanta har ƙananan bayanan da yake kira NOTE. Idan kin ga `'::' or ':::' import not declared from`, akwai fakitin da kika kira ba ki sa shi a DESCRIPTION ba. Sannan ki girka fakitin, ki buɗe R daga tasha da `R --vanilla`, ki buga `library()` na fakitinki shi kaɗai, ki kira `takaita_gida()` a kan ɗan teburi. In ya wuce nan, zai wuce a kwamfutarsa. In kuma wani saƙo ya sake fitowa, ki turo mini shi tare da abin da `traceback()` da `sessionInfo()` suka nuna, da fayilolin DESCRIPTION da NAMESPACE, mu duba tare.